Yadda Na Kai Wa Baffa Sanyi Har Omdurman

Ni Ɗanjuma, wanda duk Sabon Garin Zariya ta sani da Ƙanƙara, tun da na fara riƙe sukundireba ba a yi na'urar sanyin da ta gagare ni ba. Firijin da aka riga aka yi wa wanka aka sa a likkafani, in na shafa bayansa sai ya yi atishawa ya tashi. Akwai esin da na gyara wa wani ɗan kasuwa a Tudun Wada, har yau da bargo yake shiga falonsa, uwargida kuma a kan kujera take ajiye nama. Na fara da wannan ne don ku san girman mutumin da ya je Sudan, wani abu da bai fi murfin kwanon sha ba ya kai shi ƙasa.

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce, "Ƙanƙara, da gaske ƙwai na dahuwa a aljihu a can?" Wancan ya ce, "An ce sojoji sun kama ka da bam." Na gaji da maimaitawa, na kuma lura duk sanda na ba da labarin sai ya ƙara ƙiba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun bai gagara shiga ƙofa ba.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya tashi daga ƙauyenmu da ƙafa zai je Makka, yadda mutanen da ke yi. Ya bar babana Idi wurin dangi, ya ɗauki ƙanen babana Haruna, wanda a lokacin ɗan yaro ne. Suna tafe suna tsayawa noma da ƙodago don neman guzuri, har suka kai Omdurman, nan ajali ya cim masa. Kafin ya cika ya ce wa yaron, "Kada ka gina. Mu matafiya ne, sauka muka yi mu huta." Baffa Haruna ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka girma suka zagaye filin da ɗakunan bulo, shi kuwa yana tsakiya cikin rumfar kara. Kowace shekara ya ce baɗi zai ƙarasa, kowace shekara kuma wani abu ya gitta, ko ciwon mata ko karatun yara. Da ɗansa Usman, wanda ke aiki a Dubai, ya sami halin kai shi ta jirgi, a cikin watan ne ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce ko gadar Hartum kada a tsallaka da shi ba dalili.

Rumfa ba wurin mai shanyewar jiki ba ce. Bulo kuma ya ce sai dai a shigar da gawarsa. Sai Usman ya yi dabara, ya sayo wani ɗaki mai taya wanda ake ja da mota, irin wanda injiniyoyin titi ke kwana a ciki, can suna ce masa karafan. Aka fasa katanga aka shigo da shi tsakar gida. Tsoho ya dubi tayoyin ya ce, "Wannan kam na matafiya ne." Ya shiga.

Matsalar ita ce ɗakin gwangwani ne. Esin da ke kan rufinsa kuma magana biyu kaɗai ya iya: ko ya yi shiru ɗakin ya zama tanda, ko ya busa har ƙirjin tsoho ya kama. 'Yarsa Nafisa, malamar makaranta, ta ajiye aikinta ta koma makunni, kunna, kashe, kunna, kashe. Da ƙirjin ya sake kwantar da shi sai likita ya ja musu kunne, Usman kuma ya yanke hukunci a dandalin zumuncinmu na waya cewa za a mai da Baffa ɗakin bulo, yana so ko ba ya so.

Nan ne bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ku dakata! Kuna da Ƙanƙara a dangi, ku ta da tsoho daga ɗakinsa? Akwai sabon tamosta mai ƙwaƙwalwa, shi zai auna zafin ɗakin ya kunna ya kashe da kansa, har daga waya ana ba shi umarni. Ni zan kawo, ni zan ɗaura." Usman ya ce ya ba ni dama, amma ita ce ta ƙarshe. Ban taɓa ɗaura irinsa ba. A hoto na san shi, sai ranar da na saye shi hannun wani mai kayan gwanjo a Kano.

Na shelanta cewa ta ƙasa zan bi, don in taka sawun kakana. Mai ɗakina Asabe ta ce in je in faɗa wa wanda bai san ni ba, ita ta san tsoron jirgi nake. Ta naɗe na'urar a tsohon zane, ta cusa cikin kular abinci, ta yi mini dambun nama mai isar rundunar yaƙi.

Daga Zariya zuwa Yola ba labari, gida ne. Na shiga Kamaru ta Garwa, na haura Marwa zuwa Kusuri, na tsallaka gada sai ga ni a Njamena. Duk Faransancin da na koyo a ƙasashen nan shi ne wanda jandarma ke faɗa yana miƙo hannu: "Papiye!" wato takardu. Har a mafarki na miƙa su.

A motar Abeshe na haɗu da Hajiya Falmata, 'yar kasuwar turaren wuta, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar ɗakinta. Mace ce da in ta matse mutum a kujera, shi ke ba ta haƙuri. Ta ji ƙanshin dambun Asabe, ta ce, "Ɗan ƙanena, nama ba ya son zafin Cadi, kawo in taya ka kafin ya lalace." Ta taya ni har gindin leda. Amma ta biya da nasiha. Ta ce, "In ka shiga Sudan kada ka ɗauki hoton soja ko gada, kada ka tambayi kowa ra'ayinsa kan gwamnati. Kuma ko ka ƙoshi har wuya, kada ka ƙi abincin Basudane."

A Abeshe mun sauka a zangon wani Bahaushe, inda kuɗin cizo suka tarbe ni kamar ɗan'uwansu da ya daɗe a birni. Da safe aka kawo naman raƙumi. Lomar da na sa a baki a Abeshe, ban haɗiye ta ba sai a Adare, bakin iyaka.

A can ne maganar bam ta samo asali. Da muka tsallaka ɓangaren Sudan, kusa da Jinaina, wani jami'in tsaro dogo mai gashin baki ya buɗe kular, ya warware zanen Asabe. Ashe da sauran caji a na'urar, kuma tana da wani ɗan ido mai ganin motsi. Yana kai fuskarsa sai ta farka, ta haska shi, lamba ta fito. Mutumin nan ya yi tsalle baya, ni ma na yi, don ban san tana yin haka ba.

"Da shinu?" ya daka mini tsawa, wato mene ne wannan.

Larabcina na makarantar allo ne, babu esi a cikinsa. Hajiya Falmata kuwa tuni ta zama ba ta taɓa ganina ba, ta shiga gyaran ɗaurin kaya. Sai na koma wasan kwaikwayo. Na yi fifita da hannu ina haki, na nuna na'urar, na rungume kaina ina karkarwa. Ya tsaya yana kallona kamar yana tunanin ofis zai kai ni ko asibiti. Ofis aka kai ni. Na zauna kan benci rana na tafiya, har babbansu ya fito, ya ji bayani daga wani direba mai jin Hausa, ya ce in da gaske ni mai gyaran sanyi ne, ga firijinsu can ya daɗe da mutuwa. Waya ce kawai ɓera ya ci. Na haɗa, ya yi gurnani ya tashi. Nan take mai gashin baki ya dafa kafaɗata, aka kawo shayi mai sukarin da cokali ke tsayawa a ciki, aka raka ni har mota. Hajiya ta ce, "Ai na san za su sake ka. Ba ka da fuskar mai bam, ta mai surutu gare ka."

Daga nan babbar bas ce ta ratsa da mu Fashir, Ubayyid, Kosti. Kowane shinge sai an sauke baƙo, baƙon kuwa ni ne. Na sauka na hau har gwiwoyina suka haddace matakalar. Mun shigo ta Jabal Awliya, inda na ci soyayyen kifi a tsaye direba na danna oda, sannan Hartum.

Wani maƙwabcin Baffa ne ya zo tarbata, Hajj Tijani, tsohon tela, gajere mai rawanin da ya fi shi faɗi. Kakanninsa daga Katsina suka zo, amma Hausarsa rabi Larabci ce. Gaisuwarsu ta dabam ce: a bugi kafaɗarka, ka bugi tasa, sannan a yi musabaha, sannan a shiga tambayar lafiya ba wanda ke jiran amsa. Muka hau keke mai ƙafa uku da suke kira raksha, muka tsallaka zuwa Omdurman. A kan gadar na kai hannu aljihu zan ɗauko waya, na ga soja, na tuna Hajiya, na koma susar cinya.

Ga karafan nan a tsakar gida, fari, ƙarƙashin inuwar dalbejiya rabi da rabi. Nafisa ce ta fito, mace siririya mai idanun wanda ya daɗe bai yi barci ya ƙoshi ba. Ta ce, "Hamdilla ala salama, wad ammi." Wato ɗan baffana, kuma sunan da ta riƙa kirana ke nan. Na sunkuya na shiga.

Ku da kuka san ni kun san ba na rasa abin faɗa. Ranar na rasa. Fuskar babana na gani a kan filo, har da ɗan tabon gira. Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya shafa kaina ya ce, "Ɗan Idi ne? Ka kwana lafiya, ka yini lafiya?" Hausarsa irin ta tsofaffin da muka binne tun muna yara, ba gauraye. Ya tambayi tsamiyar bakin rijiya, na ce tana nan, alhali gidan mai ne a wurin yanzu. Ya shiga jero sunayen mutane, ina cewa sun riga mu, yana cewa Allah ya jiƙansu, har ya gaji. Can ya ce, "An ce kai za ka hana su shigar da ni bulo."

"In Allah ya yarda, Baffa."

"To. In na kwana a bulo, na iso ke nan. Ni kuwa ban iso ba."

Washegari, bayan na je an buga mini hatimin baƙi a ofishin 'yan sanda, na buɗe bango. Nan na ga ta kaina. Wutar da ke tafiyar da makunnin karafan irin ta batirin mota ce, na'urata kuwa irin ta gida take ci, wadda aka rage wa ƙarfi. Sai an sa ƙaramin taransifoma, da wani ɗan makunni mai karɓar umarni da muke kira rile. Muka tafi Suk al-Shabi ni da Hajj Tijani. Kasuwa ce da in ka ce kana neman hancin jirgin sama za a ce ka zauna a kawo. Mun iso da hantsi, muka tarar duk kasuwa ta tsaya cak ana karin kumallo, don su sai rana ta take suke karyawa. Kowace rumfa muka tsaya sai a ce "Itfaddal," wato bismilla, a jawo mu gaban kwanon wake da man riɗi da burodi. Na ci karin kumallon mutanen layi guda kafin a nuna mini taransifoma. Da yamma kuma na ga wani yana gasa nama da ƙuli, na ce yauwa, tsire! Aka ce a'a, agashe ne, abincin Sudan. Na leƙa fuskar mai gashin, na ce, "Malam, daga ina?" Ya ce, "Kakana Basakkwace ne." Na ce ai na sani, yajin ya faɗa mini.

Na ɗaura na'urar a bangon da ke fuskantar ƙofa, na haɗa wayoyi, na yi bismilla. Ta farka. Na murɗa ta zuwa sanyin da likita ya ce. Esi ya busa, ɗaki ya yi daidai, sai ya yi shiru da kansa. Zafi ya fara dawowa, ya sake tashi. Nafisa ta tsaya da hannu a kan tsohon makunni, ta rasa abin yi da hannun.

Saura waya. Muka nemi manhajar da ke ba na'urar umarni, ta ce ba ta aiki a wannan ƙasa. Nafisa ta ce, "Takunkumi ne, wad ammi. Mun saba." Usman ya buɗe ta daga Dubai, ta buɗe, amma na'urar ta ƙi amsa masa daga Omdurman. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ku rabu da waya, ado ce. Abin nan ƙwaƙwalwarsa a cikinsa take." Na faɗa da ƙarfi, kuma kowa ya yarda, har ni.

Kwanakin da suka biyo baya na zama sarki. A Sudan ba a barin majinyaci shi kaɗai. Daga safe har magariba mutane na shiga suna fita, mata da kaskon turare, maza da gahawa mai citta, kowa sai ya tsaya gaban na'urar ya ɗaga mata hannu ta haska, ya ce ma sha Allah. Tarin Baffa ya lafa. Ni kuma na ba da labarin bakin iyaka har jami'an suka zama bataliya.

Sai aka yi rasuwa a Alhilla Kuku, can ƙetaren kogi, ƙawar Nafisa ta ƙuruciya. Duk matan unguwa za su tafi ta'aziyya. Nafisa ta tsaya bakin karafan da mayafi a hannu, tana duban uban tana duban ƙofar gida. Tun da ya kwanta ba ta taɓa yin nisa ba. Na ce, "Ke tafi abinki. Ga na'ura, ga mai na'ura." Baffa ya ce, "Je ki, 'yata, ki yi musu gaisuwa." Ta tafi tana waiwaye.

Bayan azahar Baffa ya yi barci. Ɗaki lumui. Na ce bari in leƙa ƙofar gida in sha iska. Ina leƙawa Hajj Tijani ya cafke hannuna.

"Ya zol, bawan Allah, abinci ya sauka. Itfaddal."

"Hajj, na ƙoshi, kuma ni ke gadin Baffa."

"Barci yake, ga injinka na aiki. Taho."

"Wallahi na gode, gobe."

Ya gyara rawani, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Alayya ɗalaƙ, sai ka ci!" Na tambayi wani da ke gefe me ya ce. Ya ce rantsuwa ya yi, in ban ci ba matarsa ta saku. Jama'a, a garinmu in ka ƙi tayi sai a ce to madalla, a ci gaba da ci. Can kuwa aure ake ɗora maka a wuya. Matar nan ta haifa masa 'ya'ya har da jikoki, ni wane ne in raba su saboda tuwo? Na bi shi. Aka kawo tuwonsu na dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, da kisira mai laushi kamar takarda. Bayan abinci shayi. Bayan shayi gahawa. Bakina kuma ya sami masu sauraro sababbi.

Kiran la'asar ne ya dawo da ni hayyacina. Ina shiga tsakar gida na ji shiru. Esi ba ya ƙara. Ga wuta kuwa, don firijin kicin na gurnani. Na kama hannun ƙofar karafan, ya ƙone ni. Na buɗe, zafi ya mare ni kamar an buɗe tandar burodi. Na'urar ta gan ni ta farka, esi ya tashi kamar ba abin da ya faru.

Baffa na kwance yadda na bar shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe, idonsa rabi a buɗe. Na kira shi bai amsa ba. Na sungume shi, ba nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. Na fito da gudu na nufi ɗakin Nafisa na bulo, inda akwai fanka da sanyin siminti. Ƙafata na kan dokin ƙofa sai na ji an shaƙe wuyan rigata. Hannunsa mai lafiya ne. Da ƙyar muryar ta fito.

"Ba can ba, ɗan Idi."

Na tsaya. Ga sanyi taku ɗaya gabana, ga tsoho na neman sheƙawa a hannuna. Ban san ko daidai na yi ba, har yau ban sani ba, amma na juya. Na shimfiɗa shi kan gadon igiya a gindin dalbejiya, na kwarara ihu. Hajj Tijani ya faɗo gidan ba takalmi, ya warware rawaninsa ya tsoma a randa, muka lulluɓe shi da shi, muna fifita, muna ɗiga masa ruwa a baki. Aka kira wani ma'aikacin asibiti da ke layin ya sa masa ruwa a jijiya. Sai da rana ta yi ja Baffa ya buɗe ido sosai ya ce a ba shi carbinsa.

Nafisa ta dawo ta tarar da mu haka. Na so ta zage ni. Ba ta yi ba. Ta durƙusa ta taɓa goshin uban, ta ce, "Yaba," wato baba, ta ninke mayafinta a hankali, ta ce, "Laifina ne da na fita." Na gwammace a ce mai gashin bakin nan ya harbe ni tun a iyaka.

Usman ya kira, ta sa wayar kowa na ji. Bai ɗaga murya ba shi ma. Ya ce, "Yaya Ɗanjuma, mun gode da wahala. Gobe a gyara ɗakin bulo." Baffa na ji. Ya juya fuskarsa wajen tayoyin karafan. Na ce, "Usman, ba ni goben kawai in gano abin da ya faru. In ban gano ba, ni da hannuna zan ɗauki gadon."

Washegari da rana na sa aka bar Baffa a inuwa, na shiga karafan ni kaɗai na rufe. Wayoyi lafiya, rile lafiya, komai lafiya. Sai na kwanta a gadonsa, na yi yadda yake yi, ban motsa ba. Wanda ya san ni ya san wannan ita ce azaba mafi girma da aka taɓa yi mini. Ƙuda ya sauka a hancina, na bar shi ya yi sallah ya yi addu'a. Can, bayan na fara tunanin ko mutuwa na yi, sai esi ya yi ɗif. Na ɗaga ƙafa ɗaya sama. Na'ura ta farka, esi ya tashi.

Na tara su a ciki na yi bayani, Usman na kan waya. Waɗanda suka ƙera abin nan mutane ne masu kulle gida da safe su tafi aiki. Sun koya masa cewa in ya daɗe da rana bai ga motsi ba, to ba kowa a gidan, ya kashe sanyi kada a yi asarar wuta. Da dare ya san barci ake, ba ya yin haka. Ba su taɓa tunanin tsohon da zai yini kwance ba ya ko juyi ba. Kwanakin baya masu dubiya ne suka rufa mini asiri. Wurin da ake hana shi wannan hali kuwa yana cikin manhajar da ta ƙi buɗewa, wadda na ce ado ce.

"To a mai da tsohon makunni," in ji Usman.

Nafisa ta dubi bangon da makunnin yake a da, ta sunkuyar da kai.

Hajj Tijani na zaune a ƙarshen gado tun ɗazu, ya cire hula yana shan sanyi, ga alama kunyar jiya ba ta sake shi ba. Ya ce, "Ya ustaz, tsaya in gane. Motsi kawai yake so?"

"Motsin mutum, Hajj."

"Mu da muke zaman domino a gindin katangar shago kullum bayan azahar, rana na gasa mu kamar agashe? Ni da Abdurrahim da sauran?" Ya miƙe ya ɗaga yatsa. "Alayya ɗalaƙ, daga azahar zuwa la'asar ɗakin nan ba zai rasa mutum ba!"

Nafisa ta ce, "Ammi Tijani, ka tausaya wa Hajja matarka, kullum a bakin ƙofa take." Amma na ga bakinta ya motsa, karo na farko tun jiya.

Usman ya ce daga waya, "Nafisa, ke ce a wurin. Me kika gani?" Ta daɗe tana kallon uban ta taga, yana kwance a inuwa yana jan carbi. Ta ce, "A gwada. Amma ranar da na shigo na tarar ba kowa, ba zan yi shawara da kowa ba."

Na sauko da na'urar kusa da gado, inda ko hannu ya ɗaga za ta gani. Tsofaffi kuwa suka cika alkawari har suka wuce. Ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a unguwa, wa zai ƙi? Tun kafin azahar suke kama wuri. Buga domino ɗaya na Hajj Tijani ya isa ya ta da na'urar da ke Zariya. Baffa ba ya wasa, ya ce aikin banza ne, amma daga kan filo yake kama mai maguɗi, yana zagin su da Hausar da ba su taɓa ji ba suna dariya. Kafin in taho Nafisa ta koma makarantarsu ta tambayo ko da sauran gurbinta.

Ranar da zan tafi na durƙusa gaban Baffa. Ya sa mini albarka, ya ce in gai da tsamiya. Ya ce, "In Allah ya kira, daga nan zan tashi, ba sai an fasa bango ba." Na fito ina share ido ina cewa turare ne ya shige mini.

A ƙofar gida Nafisa ta miƙo mini ƙunshin dabino da zoɓo na Asabe. Ganin maƙwabta sun taru, sai tsohon halina ya motsa. Na gyara tsayuwa na ce, "To jama'a, kun dai gani da idonku. Duk inda Ƙanƙara ya sa hannu..."

Ta gyara mayafi ta ce, "Mun gani, wad ammi, Allah ya saka. Da majinyaci ɗaya muke zaman jinya. Ka taso tun daga Zariya ka ƙaro mana na biyu a jikin bango, shi kuma ko sannu ba ya amsawa."